Daga Zaure Zuwa Ƙurya: Yadda Ƙaramar Manhaja Ke Isa Ga Adireshin Ainihi A Ma'adanar Kwamfuta

Gabatarwa

Akwai wata matsala da kan taso wa ɗaliban fasahar lantarki da na kwamfuta idan lokacin aikin kammala karatu ya zo. Ɗalibi ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi ɗan allon kwamfuta, ya buɗe littafin da kamfani ya rubuta game da shi, ya ga an ce in ana son a kunna ƙafa kaza, sai a rubuta lamba kaza a adireshi kaza. Ya rubuta manhajarsa yadda littafin ya faɗa, amma da ya sa ta aiki sai ta faɗi nan take, fitilar da ya jona kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Littafin bai yi ƙarya ba, ɗalibin ma bai yi kuskuren kwafe lamba ba. Abin da ya faru shi ne, adireshin da manhajarsa ke gani daban yake da adireshin da wayoyin allon suka sani, ko da a ce lambobin sun zo iri ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana dalilin wannan bambanci, sa'an nan a nuna hanyar da ake bi a ƙetare shi, da kuma abin da mutum ke ɗaukar wa kansa idan ya ƙetare. Batun ba baƙo ba ne a arewacin Zamfara, domin tun a shekarar 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, kuma 'ya'yan Shinkafi da na Zurmi da ƙauyukansu suna cikin masu karatu a can. Darasin ana ba da shi da Turanci, amma bayan an tashi daga aji da Hausa ɗalibai kan yi wa juna bayaninsa. Saboda haka ya cancanci a gwada ko harshen zai ɗauki batun tun daga tushe.

Domin sauƙin bayani, za a riƙe misali guda. A ɗauka ɗalibi ne yake son ya haɗa samfurin gwaji na wata na'ura da za ta riƙa kunna famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ta kuma kashe shi, a wata gonar albasa da ke fadamar Gulbin Gagare ko ta Bunsuru. Allon da ke hannunsa shi ne Raspberry Pi, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 2012, babbar manhajar da ke tafiyar da shi kuwa ita ce Linux.

Ma'adana da adireshinta

Ma'adanar kwamfuta jerin ƙananan gurabe ce. Kowane gurbi ana kiransa bayit, yana ƙunshe da bit 8, watau ɗigo takwas waɗanda kowannensu ko dai sifiri ne ko ɗaya. Kowane gurbi yana da lambarsa, wannan lamba ita ce adireshinsa. Masu sana'ar sun saba rubuta adireshi da ƙidaya mai tushe 16, inda bayan 9 sai haruffan A zuwa F su biyo, a kuma sa alamar 0x a farkon lambar. Alal misali 0x1C daidai yake da 28 a ƙidayar yau da kullum.

Sai dai ba kowane adireshi ne wurin ajiya ba, kuma a nan ne maganar ta shafi mai ƙera na'ura. Masu zana allo sukan keɓe wasu adireshi su jona su kai tsaye da sassan na'ura. Irin wannan gurbi ana kiransa rajista. Wanda ya rubuta lamba a rajista ba ajiya ya yi ba, umurni ya bayar: fitila ta kama, ko agogo ya fara ƙidaya, ko wuta ta fita ta wata ƙafa. Wanda ya karanta ta kuwa labarin halin da na'urar ke ciki a wannan ƙiftawar ido ya samu.

A zamanin ƙananan kwamfutocin gida na farko babu shamaki tsakanin mutum da rajistocin nan. Mai Commodore 64, wadda ta fito a 1982, in ya buga umurnin POKE tare da adireshi na 53280 da wata lamba, nan take launin gefen talabijin ɗinsa zai canja. Gida ne marar zaure, daga titi sai ɗaki.

Dalilin gina zaure

Wannan sauƙi yana yiwuwa ne muddin manhaja ɗaya ce ke aiki. Da zarar manhajoji sun yi yawa a cikin na'ura guda, sai kuskuren ɗaya ya zama masifar kowa, domin tana iya rubutu a kan abin da 'yar'uwarta ta ajiye ba tare da kowa ya sani ba. Dabarar da ta warware wannan ta samo asali ne daga kwamfutar Atlas, wadda Tom Kilburn da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Manchester, ta fara aiki a 1962. Su abin da ya dame su shi ne ƙarancin ma'adana, amma daga baya dabarar tasu ta zama ginshiƙin tsaro ma. Ta iso kwamfutocin tebur sosai bayan da kamfanin Intel ya fitar da firosesa mai lamba 80386 a 1985, kuma a kan wannan firosesa ne Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991.

Duk wanda ya san yadda fatake ke sauka a Shinkafi kafin kasuwar Alhamis zai gane dabarar. Baƙon falke ba ya shiga cikin gida ya zaɓi ɗakin da zai zuba kayansa. Yana tsayawa a zaure ya damƙa su ga fatoma. Shi dai a lissafinsa yana da buhu na ɗaya, da na biyu, da na uku. Wani falken da ya sauka a gidan shi ma yana da buhu na ɗaya, da na biyu. Lambobinsu iri ɗaya ne, amma kayan ba su taɓa haɗuwa ba, domin fatoma ne kaɗai ya san ɗakin da kowane buhu yake. In wani ya ce a fito masa da buhu na hamsin alhali goma ya kawo, fatoma ba zai ɗauko na maƙwabcinsa ya ba shi ba, sallamarsa zai yi.

Fatoman kwamfuta shi ne sashen babbar manhaja da ke da cikakken iko a kan na'ura, wanda a nan za a kira shi cibiya. Ƙananan manhajoji, watau duk waɗanda mai amfani ke rubutawa ko yake sa wa aiki, su ne fatake. Kowace ƙaramar manhaja ana ba ta jerin adireshi nata na kanta, waɗanda za a kira adireshin aro. Ana yanka su shafi-shafi, galibi kowane shafi bayit 4096. Cibiya tana riƙe da jadawali mai nuna shafin aro kaza na manhaja kaza yana daidai da shafi kaza na ma'adanar gaske, wato adireshin ainihi. A cikin firosesa kuma akwai wani sashe da ke aikin tafinta: duk sa'ad da manhaja ta ambaci adireshi, sai ya duba jadawalin ya juya shi zuwa na ainihi kafin saƙon ya fita kan wayoyi. In bai sami adireshin a jadawali ba, sai ya kai ƙara ga cibiya, ita kuwa in ta ga manhajar ba ta da haƙƙi a wurin sai ta kashe ta.

Abin da ya sami ɗalibin da aka ambata a farko ke nan. Ya ba tafinta lambar ɗaki a matsayin lambar buhu.

Neman iznin shiga

Hanya ta asali ita ce a rubuta wani ɗan sashe da zai zauna cikin cibiya ya riƙa yi wa na'urar magana a madadin ƙananan manhajoji. Ana kiransa direba. Amma rubuta direba aiki ne mai cin lokaci, kuma kuskure ɗaya a cikinsa yana iya daskarar da kwamfutar gaba ɗaya. Mai samfurin gwaji, wanda yau zai jona waya nan gobe ya cire ta ya mayar can, yana bukatar hanya mafi kusa.

Linux ta gaji wata ƙofa daga Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969. Ƙofar tana da siffar fayil, sunanta /dev/mem. Ba fayil ba ne da ke ajiye a kan faifai. Wanda ya buɗe shi ya nufi matsayi na kaza a cikinsa, adireshin ainihi na kaza ya nufa. Saboda girman wannan iko, ba a buɗe shi sai ga mai cikakken izni a kan kwamfutar, wanda ake kira root.

Matakin farko shi ne manhaja ta buɗe /dev/mem da kiran open, don karatu da rubutu, tare da alamar O_SYNC. Na biyu shi ne kiran mmap, wanda shi ne zuciyar aikin. Da shi manhaja ke cewa da cibiya ta ƙara mata layi ɗaya a jadawali, wanda zai haɗa wani shafin aro nata da shafin ainihi da take so. Dole ne adireshin da aka nema ya faɗo daidai kan farkon shafi, watau ya rabu da 4096 ba saura, in ba haka ba cibiya za ta ƙi. In ta amince, sai ta mayar wa manhajar da sabon adireshin aro. Daga nan duk abin da aka rubuta a wannan adireshi, tafinta zai kai shi kan rajistar na'ura kai tsaye, ba tare da an sake komawa wurin cibiya ba. Ya kamata a lura cewa manhajar ba ta daina amfani da adireshin aro ba. Ba a rushe zaure ba, taga aka huda mata.

A allon Raspberry Pi na farko, rajistocin ƙafafun shiga da fita suna farawa daga 0x20200000. A na biyu da na uku suna farawa daga 0x3F200000, a na huɗu kuma 0xFE200000. A ce ɗalibin ya zaɓi ƙafa mai lamba 17 don ta umurci famfo, wadda a jerin tsinkaye 40 da ke gefen allon ita ce tsinke na 11. Da farko sai ya shaida wa na'urar cewa ƙafar ta fitar da wuta ce, ba ta karɓa ba. Rajistocin zaɓen aiki kowace tana da bit 32, tana kula da ƙafa goma, kowace ƙafa bit uku. Ta farko tana riƙe da ƙafa 0 zuwa 9, ta biyu, wadda ke bayit 4 daga farko, tana riƙe da 10 zuwa 19. Ƙafa ta 17 ita ce ta takwas a wannan rukuni, don haka rabonta shi ne bit na 21 da 22 da 23, kuma abin da ake sa musu don fitarwa shi ne 001. Bayan haka, in ana son wuta ta fita, sai a rubuta lamba mai ɗaya a bit na 17 kaɗai, watau 131072, a rajistar kunnawa da ke 0x1C. In ana son ta ɗauke, sai a rubuta wannan lambar dai a rajistar kashewa da ke 0x28. Halin da ƙafafun ke ciki kuma ana karanta shi a 0x34.

Ramukan da ke bayan ƙofa

Dukan aikin bai kai layi talatin ba a harshen C, kuma wannan gajartar ce ke yaudarar mai koyo.

Rami na farko yana cikin littafin kamfani kansa. Littafin da Broadcom ya fitar game da guntun BCM2835 ya ba da adireshin rajistocin nan a matsayin 0x7E200000. Wannan lamba gaskiya ce, amma daga mahangar wani sashe na guntun, ba daga mahangar firosesan da Linux ke gudana a kansa ba. Ashe ke nan adireshi iri uku ne a allo guda: na aro, da na ainihi, da na littafi. Wanda ya ba mmap lambar littafi ya huda taga a bangon da ba shi ake nufi ba.

Na biyu lissafi ne. A harshen C, in an ƙara ɗaya a kan manuniya mai nuna lamba ta bit 32, bayit huɗu take tsallakewa, ba ɗaya ba. Saboda haka rajistar da ke bayit 28 ita ce gurbi na 7, ta bayit 40 kuma gurbi na 10. Wanda ya manta ya ƙara 28 ya sauka a bayit 112, kan rajistar da ba ruwanta da kunna ƙafa. Cibiya ba za ta ce uffan ba, domin wurin yana cikin shafin da ta riga ta ba shi.

Na uku yana zuwa daga wayon kayan aiki. Manhajar da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura takan rage abin da ta ga maimaici ne. In ta ga ana karanta adireshi ɗaya sau dubu ba a rubuta kome a cikinsa ba, sai ta karanta sau ɗaya ta riƙe amsar. A ma'adana ta ajiya wannan daidai ne, amma a rajistar da ke ba da labarin ko tanki ya cika, ɓarna ce: ruwa na malala, manhaja na nan riƙe da tsohon labari. Maganinsa kalma ɗaya ce, volatile, a gaban manuniyar. Firosesa shi ma yana da ɗan aljihu da yake ajiye abin da ya taɓa kwanan nan don sauri, kuma amfanin O_SYNC da aka ambata shi ne a nemi cibiya kada ta bari wannan shafi ya bi ta aljihun.

Na huɗu ya fi su haɗari, don haka ya cancanci a dakata a kansa. An ga cewa ƙafa goma ne ke tarayya a rajistar zaɓen aiki guda. Mai gaggawa yakan rubuta lambarsa a kan rajistar gaba ɗaya, ya gyara ƙafa ta 17, ya share sauran tara. A cikin taran nan akwai ta 14 da ta 15, waɗanda ta kansu ake jona allon da wata kwamfuta don a ga abin da yake ciki. Ya rufe bakin da zai gaya masa abin da ya lalace ke nan. A alluna na farko, ƙafafu na 48 zuwa 53 su ne ke riƙe da katin da babbar manhajar kanta ke ciki, kuma rajistocinsu suna cikin wannan shafin dai. Hanyar da ta dace ita ce a karanta rajistar, a canja bit ukun da ake nufi kaɗai, a mayar. Amma ko wannan bai rufe ƙofar ɓarna ba. Tsakanin karantawa da mayarwa cibiya tana iya dakatar da manhajar ta ba wata dama, waccan ta canja wata ƙafa a rajistar, sa'an nan ta farko ta dawo ta mayar da tsohuwar lamba a kai. Irin wannan kuskure ba ya bayyana a gaban malami ranar gwaji. Yakan jira sai bayan mako uku. Masu zana guntun sun raba rajistar kunnawa da ta kashewa ne don a kauce wa wannan, tun da sifiri a cikinsu ba ya taɓa kome, amma rajistocin zaɓen aiki ba su sami wannan gata ba.

Sauran magana ta wuta ce, kuma gajera ce. Ƙafafun allon suna aiki da bolt 3.3, in an shigar musu da 5 suna iya ƙonewa, kuma ƙarfin da suke fitarwa bai wuce na kunna ƙaramar fitila ba. Famfo sai ta hanyar tiransista da makunni mai maganaɗisu. Haka nan in an mai da ƙafa ta fitarwa alhali an jona ta da abin da shi ma wuta yake turowa, to an haɗa raguna biyu karo. Allon da ya ƙone a Ƙaura kuwa, samun madadinsa yakan zama sai an aika Kano ko Ikko.

Lokacin rufe taga

Masu kula da Linux sun daɗe suna ƙuntata wannan ƙofa, domin ɓarawon da ya same ta a buɗe ya sami asirin kowa. Tun daga 2008 akwai zaɓin da ke hana /dev/mem kaiwa ga ma'adanar ajiya, ya bar rajistocin na'urori kaɗai. A lokaci guda sun buɗe wasu ƙofofi masu iyaka. A 2007 aka shigar da tsarin UIO, wanda ke ba ƙaramar manhaja rajistocin na'ura guda tak, ya kuma sanar da ita in na'urar ta yi kira, abin da /dev/mem ba ya iyawa. Masu Raspberry Pi sun samar da /dev/gpiomem, wanda ke buɗe shafin ƙafafu kaɗai ba tare da bukatar cikakken izni ba. A 2016 kuma aka kawo /dev/gpiochip, inda manhaja ke neman ƙafa daga cibiya da lambarta, cibiya ta rubuta cewa wance ce ke riƙe da ita, ta hana kowa taɓawa.

Wannan ta ƙarshe ta fi jinkiri, domin kowane umurni sai ya bi ta zaure. Amma famfon da ake kunnawa sau biyu a yini ba ruwansa da bambancin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kuma amfaninta ya fito fili a 2023, sa'ad da Raspberry Pi na biyar ya fito da ƙafafunsa a kan wani guntu dabam mai suna RP1. Manhajojin da suka haddace tsofaffin adireshi suka daina aiki a kansa, waɗanda suka saba tambayar cibiya kuwa gyaransu bai taka kara ya karya ba. Inda aikin ke bukatar lokaci daidai wa daida, ko taɓa rajista kai tsaye ba ya wadatarwa, tun da cibiya na iya dakatar da manhaja a kowane lokaci. A nan gara a koma ga ƙaramin allo irin Arduino Uno, wanda ba shi da tafinta ba shi da cibiya, manhaja ɗaya ce a gidan, adireshin da ta ambata kuma shi ne na ainihi.

Saboda haka muhallin /dev/mem shi ne teburin gwaji, inda ɗalibi ke zaune da ma'aunin wuta a hannu yana son ya ga abin da rajista ke yi da idonsa. A wannan muhalli babu malamin da ya fi shi, kuma ɗalibin da bai taɓa bin lissafin bit na 21 da hannunsa ba, akwai sauran abin da bai gane ba game da na'urar da yake riƙe da ita. Na'urar da za a bari a gona kuwa hukuncinta dabam ne. Shekarun rashin tsaro sun mai da hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi abin da ba a bi don ƙaramin dalili, kuma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara na tsawon makonni, ta yadda ko gyara daga nesa ba zai yiwu ba. In allo ya daskare da famfo a kashe cikin zafin bazara, albasar ba za ta jira mai gyara ba. Kafin a ɗauke samfurin daga tebur, sai a mayar da ƙafa ta 17 hannun cibiya, a sauke manhajar daga matsayin root, a kuma kunna agogon tsaro da ke cikin guntun, wanda ke sake tayar da allon da kansa in manhaja ta yi shiru fiye da 'yan daƙiƙoƙin da aka ɗibar mata.